An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani kan Mata da Tace Wasannin Shakespeare

Kwanakin baya wani malaminmu, wanda na daɗe ina karanta rubutunsa ina kuma ƙaruwa da shi, ya fitar da maƙala a kan yadda aka riƙa tace tsofaffin wasannin kwaikwayon Ingilishi. Sau biyu na karanta ta. Karatun farko ya burge ni saboda zaƙin alƙalami. Na biyun kuwa ya tayar mini da hankali, domin na ga an ɗauko gaskiya ƙwaya ɗaya an ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta.

Bari in kawo maganarsa kamar yadda ya shimfiɗa ta, ba ragi ba ƙari. Malam ya ce duniya ta daɗe tana la'antar Dakta Thomas Bowdler a kan cewa shi ya sa wa wasannin Shakespeare almakashi, har Turawa suka ƙera fi'ili daga sunansa suna nufin yi wa littafi kaciya, alhali bincike ya nuna yayarsa Henrietta, wadda ake kira Harriet, ita ce ta fara aikin a 1807. Daga nan ya ce ashe tacewa mace ce ta haife ta. Ya ce ko inda maza suka yanke, saboda kunnen mata suka yi, don haka laifin ya sake komawa kansu. Ya ƙara da cewa in aka jera manyan editocin da suka tsayar da matanin Shakespeare, irin su Rowe da Pope da Theobald da Johnson da Capell da Malone, ba za a ga mace ko ɗaya ba, saboda haka rabon mata a wannan tarihi shi ne ragewa, maza kuwa ginawa. Ya rufe da cewa yabon da masana na yanzu ke yi wa editoci mata na zamanin da, lallashi ne kawai na zamani.

Abin da ya faɗa game da Harriet gaskiya ne, kuma ba zan yi masa gardama a kai ba. A 1807 aka buga The Family Shakespeare a garin Bath, mujalladi 4, wasanni 20, babu sunan kowa a bango. Aikinta ne. Ta cire kalaman batsa, ta cire wasa da sunan Ubangiji, ta bar wasanni 16 a waje gaba ɗaya. Wanda ya ce Harriet ba ta yanke ba ya yi ƙarya. Amma daga "mace ta yanke" zuwa "mace ce ta haifi yankan" akwai tafiyar shekara ɗari biyu da Malam ya tsallake, kuma a cikin waɗannan shekaru ne duk maganar take.

Tun Shakespeare yana raye ake yanke masa rubutu. A zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko akwai jami'in fada mai kula da wasanni, Edmund Tilney, wanda aka ba wa iko a 1581 cewa ba wasan da zai hau dandamali sai ya gani ya amince. Har yau akwai rubutun hannu na wasan Sir Thomas More a babban ɗakin karatu na Birtaniya, wanda masana ke ganin shafi uku daga cikinsa hannun Shakespeare ne, kuma a kansa akwai umarnin Tilney cewa a cire wurin da talakawan Landan suka yi bore. Bugun farko na Richard II, na 1597, ya fito babu fitowar da ake tuɓe sarki daga gadon mulki, sai a 1608 ta bayyana. A 1606 majalisar dokoki ta kafa doka cewa duk ɗan wasan da ya ambaci sunan Allah ko na Almasihu da wasa a kan dandamali zai biya tarar fam 10, kuɗin da ya fi ƙarfin yawancin 'yan wasa. Wanda ya kwatanta Othello na 1622 da wanda ya fito cikin babban kundin wasannin Shakespeare na 1623 zai ga rantse-rantse da yawa sun ɓace a na biyun. A 1642 kuma majalisa ta rufe gidajen wasa baki ɗaya, ba a buɗe su a hukumance ba sai 1660. Ina tambayar Malam: mace nawa ce a majalisar 1606? Mace nawa ce a ta 1642? A lokacin ma mace ba ta hawa dandamalin gidajen wasa na Landan, samari ne ke fitowa a matsayin Juliet da Desdemona. Shekara 144 ke tsakanin dokar 1606 da haihuwar Harriet a 1750. Yaya za a ce ita ta haifi abin da ya girmi kakanninta?

Bayan an buɗe gidajen wasa abin ya ma ƙara muni, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya ya duba da kyau. A 1681 Nahum Tate ya ɗauki King Lear, wasan da mutane da yawa ke ganin shi ne ƙololuwar abin da Shakespeare ya rubuta, ya juya shi. Ya cire wawan sarki kacokan. Ya ƙirƙiro soyayya tsakanin Cordelia da Edgar. Ya hana Cordelia mutuwa, ya mayar da tsohon sarki cikin kwanciyar hankali, aka tashi wasa da maganar aure. Wannan sigar ita ce ta riƙe dandamalin Ingila shekara sama da 150, har sai da ɗan wasa Macready ya dawo da asalin wasan a 1838. Colley Cibber ya sake ɗinka Richard III a 1700. Davenant da Dryden sun cusa sababbin mutane cikin The Tempest a 1667. David Garrick, gwarzon 'yan wasan ƙarni na 18, ya gyara Romeo and Juliet ya sa Juliet ta farka tun Romeo bai cika ba, ya rubuta musu hirar bankwana da alƙalaminsa. Harriet aƙalla ragewa ta sa a gaba. Waɗannan kuwa sun rage, sun ƙara, sun sauya ƙarshen labari, sun kuma sayar da tikiti da sunan Shakespeare. Me ya sa ba a ƙera fi'ili daga sunan Tate ba? Me ya sa Malam bai ambace shi ko sau ɗaya ba?

Hatta cikin jerin editocin da Malam yake alfahari da su akwai mai almakashi. Alexander Pope, a bugunsa na 1725, ya kwashe layuka sama da 1,500 da yake ganin ba su dace da darajar Shakespeare ba, ya jefa su ƙasan shafi da ƙananan haruffa. Shi kuma Samuel Johnson, a bugunsa na 1765, ya faɗa da bakinsa cewa mutuwar Cordelia ta girgiza shi har ya daɗe bai iya sake karanta ƙarshen wasan ba sai da aikin edita ya tilasta masa, kuma ya nuna yardarsa da ƙarshen Tate. Ban kawo wannan don in rage wa Johnson daraja ba, mutum ne babba. Na kawo shi ne don maganar da Malam ya yi cewa raunin zuciyar mata ne ya jawo yanka. Ga namiji, shugaban masana zamaninsa, yana cewa zuciyarsa ta kasa ɗauka.

Sai dokar 1737, wadda gwamnatin Robert Walpole ta kawo bayan marubuta sun dame ta da zambo. Ita ta ba wa Lord Chamberlain, wato kamar a ce Sarkin Fada a wurinmu, ikon hana kowane sabon wasa fitowa. Wannan iko bai faɗi ba sai a 1968, shekara 231 ke nan. A cikin waɗannan shekaru ne King Lear ya ɓace daga dandamalin Landan kusan shekara goma, daga wajen 1810 zuwa 1820, saboda Sarki George na Uku ya sami taɓin hankali kuma ba a son jama'a su ga mahaukacin sarki a gabansu. Wannan ita ce tacewa ta ainihi, wadda ke da doka da tara da ikon rufe ƙofa. Littafin Harriet kuwa kaya ne a kanti. Wanda ya so ya saya, wanda bai so ba cikakken Shakespeare yana nan a kantin da ke kusa, ba wanda ya ƙona shi, ba wanda ya hana buga shi. Haɗa waɗannan biyun a kira su da suna ɗaya shi ne babban kuskuren maƙalar Malam.

A nan akwai wata hujja da Malam bai kawo ba, wadda da ya kawo ta da ta fi ta Harriet ƙarfi, kuma amana ta sa dole in kawo masa ita. John Larpent shi ne mai duba wasanni a ofishin Lord Chamberlain daga 1778 zuwa 1824. Matarsa, Anna Margaretta Larpent, ta bar littattafan tarihin rayuwarta na yau da kullum, suna ajiye a ɗakin karatu na Huntington a Kalifoniya, kuma sun nuna tana karanta wasannin da ake kawo wa mijinta, tana taya shi hukunci a kansu. Ga mace ke nan da hannunta ya taɓa tacewar hukuma. Ban ɓoye ta ba, ban kuma wanke ta ba. Amma a dubi yadda abin yake: muƙamin na mijin ne, albashin nasa ne, sa hannun nasa ne, dokar da suke aiki da ita maza suka rubuta. Sannan sababbin wasanni ake kai musu, tsofaffin matanin Shakespeare sun riga dokar. Ko a wannan misali da ya fi kowanne goyon bayan Malam, abin da muke gani shi ne mace tana aiki a ɗaki, namiji yana karɓar suna a waje.

Wannan kuwa shi ne zaren da ya ratsa tarihin duka, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. A koma ga Harriet. Kafin Shakespeare ta rubuta littafin wa'azi a kan aƙida da ayyukan Kiristanci, ta fitar da shi ba suna, ya yi kasuwa har aka yi ta sake buga shi. Bishop ɗin Landan na lokacin, Beilby Porteus, ya karanta ya ɗauka wani limamin coci ne ya rubuta, har ya aika ta hannun mai ɗab'i cewa yana so ya ba marubucin muƙami. Irin wannan mace ce. Da ta zo ga Shakespeare sai ta sake ɓoye sunanta, kuma masana sun ba da dalili mai ma'ana: mace ce mai shekara 57 da ba ta taɓa aure ba, a cikin al'ummar da ke ganin mace ta gari ba ta ma san ma'anar batsa ba. Kafin ka cire zance mai harshen damo sai ka gane shi. Sa sunanta a bango tamkar shelar cewa ta gane ne. A 1818 ƙanenta Thomas ya sake duba wasanni 20 ɗin nata, ya ƙara 16 da ta bari, ya fitar da mujalladi 10 ɗauke da sunansa. Wannan bugun ne ya yi suna, musamman bayan Francis Jeffrey ya yabe shi a mujallar Edinburgh Review a 1821. Aka yi ta bugawa, kuɗi suka shigo, iyaye suka yi ta sa albarka, duk da sunan Thomas. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Thomas bai tsaya nan ba ma, ya bi tarihin Rumawa na Edward Gibbon ya tace shi, aka buga a 1826 bayan rasuwarsa, ba tare da wata Harriet ta fara masa ba.

Yanzu da sunan Bowdler ya zama abin zagi, sai ga Malam ya tuna da Harriet. Shekara sama da 150 tana ɓoye, har littafin Noel Perrin na 1969 ya bayyana wa jama'a rawar da ta taka. Lokacin yabo ba a neme ta ba, lokacin zargi an tono ta, an kuma ce ta ɗauki laifin a madadin dukan mata. Wace irin shari'a ce wannan?

Sai maganar cewa don kunnen mata aka yi yankan. Wa ya yanke hukuncin abin da kunnen mace zai ji? Thomas da kansa ya ba da labarin inda tunanin ya samo asali: mahaifinsu ne ke karanta musu Shakespeare da dare suna yara, yana tsallake abin da bai dace ba cikin gwaninta har ba sa lura. Uba ne ya fara, 'ya ta mayar da abin littafi don gidajen da ba su da uba mai irin wannan gwaninta. Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Akwai maganar da mutum zai yi a majalisar abokai amma ba zai yi ta gaban surukai ba, kuma duk wanda ya taɓa karanta littafi da ƙarfi gaban iyayensa ya san inda harshe ke tsayawa da kansa. Littafin Bowdler don karatu a bayyane aka yi shi, a falo, gaban yara, a zamanin da ba rediyo ba talabijin.

Shaida mafi ƙarfi tana cikin wani littafi da ya fito a shekarar 1807 ɗin dai, wanda da yawa daga cikinmu ta hanyarsa muka fara jin labarin Shylock da Portia a makarantar sakandare: Tales from Shakespeare na Charles da Mary Lamb. Labarai 20 ne, Mary ta rubuta 14, Charles ya rubuta 6. Sunan Charles kaɗai ya fito a bango, sai a 1838 aka sa nata. Gabatarwar littafin ta faɗi dalilin yin sa ƙarara: musamman don 'yan mata aka rubuta, domin yara maza ana barinsu su shiga ɗakin karatun iyayensu tun suna ƙanana, 'yan'uwansu mata kuwa sai an jima. Har ta roƙi samari su taimaka wa ƙannensu mata da bayanin wuraren da suka yi wuya, su zaɓo musu abin da ya dace su karanta musu daga asalin wasan. To ga ƙofa a rufe, ga makulli a aljihun uba da wa. Yarinyar 1807 ba zaɓi aka ba ta tsakanin cikakken Shakespeare da yankakke ba. Zaɓinta shi ne yankakke ko babu. Mary Lamb da Harriet Bowdler sun dubi wannan hali suka nemi tagar da za a miƙa wa yarinya littafi. Malam ya ga tagar ya ce ta yi ƙanƙanta, kuma ta yi ɗin, amma bai tambayi wanda ya kulle ƙofar ba. Ko Swinburne, mawaƙin da ba wanda ya taɓa zarginsa da yawan kunya, ya kare Bowdler a ƙarshen ƙarni na 19 a kan wannan dalili, cewa ya sa Shakespeare ya isa hannun yara.

Ni kaina ba na son yankakken matani. Idan aka cire ashar ɗin Falstaff da abokan shashancinsa an rage wani abu daga gaskiyar wasan, kuma ɗalibin da ya girma ya cancanci a ba shi littafi cikakke ya yi hukunci da kansa. A wannan ni da Malam bakinmu ɗaya. Inda muka rabu shi ne wanda za a kama.

Maganarsa mafi rauni ita ce wai mata ba su gina komai ba. A nan abin ya wuce bambancin ra'ayi, ya zama rashin duba littafi. Margaret Cavendish ta rubuta sharhi mai tsawo a kan gwanintar Shakespeare a 1664, kuma masana da yawa na lissafa shi a matsayin irinsa na farko, shekara 45 kafin bugun Rowe na 1709. A wajen 1736 wasu mata a Landan suka haɗa ƙungiya suna matsa wa masu gidajen wasa su riƙa sa wasannin Shakespeare maimakon shirmen da ya cika dandamali, kuma an sa. Charlotte Lennox ta fitar da Shakespear Illustrated a 1753 da 1754, inda ta tattaro tsofaffin labaran da Shakespeare ya ɗebo wasanninsa daga cikinsu, ta fassara, ta kwatanta, ta kuma soke shi ba tsoro a inda take ganin ya ɓata labari. Wannan fagen na binciken tushe ita ce ta share shi. Da Voltaire na Faransa ya yi ta kushe Shakespeare yana kiransa marar tarbiyyar fasaha, Elizabeth Montagu ce ta mayar masa da martani da littafi guda a 1769.

Elizabeth Inchbald kuma labarinta ya isa a tsaya a kansa. 'Yar wasa ce, marubuciyar wasanni ce, kuma kamfanin Longman ya ɗauke ta ta rubuta gabatarwar sharhi ga wasanni 125 a jerin The British Theatre, mujalladi 25, daga 1806. Matanin da aka buga daga kwafin da ake aiki da shi a gidajen wasa aka ɗauko, wato yankan da ke ciki na manajoji ne, nata aikin shi ne sharhi. George Colman ƙarami, marubucin wasanni, ya ji haushin yadda ta taɓa aikinsa da na mahaifinsa, ya rubuto mata wasiƙa yana yi mata gori da kasancewarta mace mai shiga fagen masana. Ta buga wasiƙar tasa tare da amsarta. Wannan Colman ɗin shi ne ya gaji Larpent a 1824 a matsayin mai duba wasanni, ya kuma yi ƙaurin suna wajen tsanani, yana goge rantsuwa da ambaton abubuwan addini daga rubutun mutane. A wannan karon, Malam, wa ke riƙe da almakashi, wa ke riƙe da alƙalami?

Wadda ta fi taɓa zuciyata ita ce Mary Cowden Clarke. A 1829, tana da shekara 20, ta fara tsara fihirisar kalmomin wasannin Shakespeare: kowace kalma, da layin da ta fito, da wasan, da fitowar. Shekara 16 ta yi a kai, da hannu, da takarda da tawada, har aka buga a 1844 da 1845. Duk almajirin da ya taɓa neman aya a Mu'ujamul Mufahras ya san darajar irin wannan aiki, ya kuma san cewa mai yin sa ba ya tsallake shafi. Shekaru da dama masana maza suna jingina da littafinta. A 1860 ta fitar da bugun ayyukan Shakespeare da ta tsara da kanta. Gaskiya ne bugun da suka yi da mijinta daga baya wa kamfanin Cassell, don karatun iyali, an sassauta kalmomi a cikinsa an kuma bar Titus Andronicus a waje. Mace ɗaya ta yi duka biyun, ta tattara ta kuma rage, gwargwadon wanda ake yi wa littafin, kamar yadda maza editoci na zamaninta suka yi. Malam ya ɗauki rabi ya bar rabi.

A kan dandamali ma, su wa suka taimaka aka kori gyare-gyaren su Garrick? Madam Vestris, mai tafiyar da gidan wasa na Covent Garden, ta dawo da Love's Labour's Lost a 1839 bayan shekara sama da 200 ba a gan shi ba, a 1840 kuma ta sa A Midsummer Night's Dream da mafi yawan kalmomin mai shi. Charlotte Cushman, Ba'amurkiya, ta fito a Landan a 1845 a matsayin Romeo, ƙanwarta Susan tana Juliet, ta ƙi sigar Garrick ta koma ga matanin Shakespeare. A Amurka Charlotte Porter da Helen Clarke, waɗanda suka kafa mujallar Poet Lore a 1889, sun fara fitar da bugu a 1903 wanda ya koma ga kundin 1623 har da tsohuwar ƙa'idar rubutunsa, don mai karatu ya ga abin da aka buga tun farko ba tare da hannun editocin ƙarni biyu ba. Lilian Baylis ta gidan wasa na Old Vic ta sa an yi dukan wasannin wannan kundi tsakanin 1914 da 1923, a unguwar talakawa, da tikiti mai araha. Idan rabon mata ragewa ne, me za a kira wannan?

Me ya sa babu mace a jerin su Rowe da Malone? Tambayar tana da amsa, kuma ba a cikin halittar mace take ba. Aikin edita a wancan zamani yana buƙatar Latin da Girkanci, da shiga ɗakunan karatu na jami'a, da tsofaffin bugu masu tsada, da mai ɗab'in da zai yarda ya zuba kuɗi a kan sunanka. Jami'ar Oxford ba ta fara ba mata digiri ba sai 1920, Cambridge kuwa sai 1948. Matar aure a Ingila ba ta da ikon mallakar abin da ta samu da guminta sai da dokokin 1870 da 1882 suka zo. Da ƙofar ta buɗe me ya faru? Una Ellis-Fermor ta zama babbar editar jeri na biyu na bugun Shakespeare na Arden. Alice Walker ta fitar da bincikenta a kan matsalolin matanin kundin 1623 a 1953. Evelyn Simpson tana cikin ukun da suka kammala babban bugun Oxford na ayyukan marubucin wasanni Ben Jonson. Ann Thompson da Neil Taylor sun fitar da Hamlet na Arden a 2006 da sigoginsa uku, kowace daban, ba a haɗe su ba. Binciken Molly Yarn ya zaƙulo mata sama da 60 da suka yi aikin editan Shakespeare kafin 1950, yawancinsu a littattafan makaranta, domin nan ne kawai masu ɗab'i ke ba su aiki. Littafin makaranta kuwa dole a tace shi, hukumar makaranta ce ke so, ko edita mace ce ko namiji. An tura su kusurwar da yanka ya zama sharaɗin aiki, sannan a zo a ce yanka ɗabi'arsu ce.

Malam ya kira tuna waɗannan mata lallashi. Lallashi shi ne a yabi mutum da abin da bai yi ba. Fihirisar Cowden Clarke tana nan, mujalladan Inchbald suna nan, bugun Porter da Clarke yana nan, kowa na iya buɗewa. Matsayina dai bai sauya ba: mata sun yanke, kuma inda suka yanke a faɗa, da sunan wadda ta yi da shekarar da ta yi. Amma tacewar da ke da ƙarfin doka a Ingila, daga Tilney zuwa 1968, a hannun fada da majalisa take, sake rubuta wasannin kuma aikin su Tate da Cibber da Garrick ne, kuma mata suna cikin waɗanda suka fi wahala wajen tattara matanin da dawo da shi yadda yake.

Abin da nake tsoro shi ne ɗalibar da ke karanta adabi a Kano ko Zariya ko Yamai, wadda za ta ɗauki maƙalar Malam da girmamawar da muke ba malamai, ta karanta cewa irinta ba su taɓa kawo wa wannan fage komai ba sai ɓarna. Saboda ita nake roƙon Malam, da dukan ladabi, ya sake komawa kan maƙalar. Ya bar Harriet a inda ya sa ta, domin ta yi abin da ya ce ta yi. Amma ya sa Tate a gabanta da shekararsa ta 1681, ya sa dokar 1606 da ta 1737, sannan ya buɗe gabatarwar littafin su Lamb ya karanta wa ɗalibansa wurin da ake maganar ɗakin karatun uba da wanda ake bari ya shiga.